Jinjina ga Masu Zanen Almuru

A Fagge da Sabon Gari akwai masu fenti da ke ƙawata allunan shaguna da bangon gidajen abinci da bayan manyan motoci. Cikin abubuwan da hannunsu ya faɗa a kai har da almuru: rana ta yi jajawur tana shirin faɗuwa, giginya ta koma baƙa, makiyayi yana koro shanu gida.

Aiki ne na mai haƙuri. Ba a sayar da launin magariba a gwangwani. Sai mai zane ya gauraya ja da ruwan ɗorawa da ɗan shuɗi, ya shafa, ya jira ya bushe, ya sake bi. Da hunturu ƙura kan ɓata masa ɗanyen fenti, amma ita ce ke ba sararin Kano jan da yake kwaikwaya. Da yawansu a gaban maigida suka taso, suna wanke buroshi kafin a yarda su ja layi.

Yau injinan buga hotuna sun rage musu ciniki. Jama'a, mu riƙa kai musu aiki, mu biya su haƙƙin guminsu. Allah ya yi wa sana'arsu albarka.