Kukuma a Tsakiyar Lasifika

Masu shirya daren kiɗan da aka yi a ɗakin biki na nan Federal Low-Cost sun zo da abin da ba mu saba gani ba a Gombe: samari masu jita da gangunan Bature, ga dattijo mai kukuma, ga makaɗan kalangu biyu, duk a dandamali ɗaya. An fara bayan isha'i, an tashi kafin sha ɗaya. Wannan kam a yaba musu, don unguwarmu ta ma'aikata ce da 'yan makaranta masu sammako.

Samarin suka buɗe da salon da ake kira fank, irin na James Brown na Amurka, wanda ya zo Legas ya yi wasa a 1970. Salo ne da babbar jita mai kaurin murya ke riƙe da shi, tana maimaita abu guda ba gajiya. Wallahi hannunsu ya faɗa. Da kalangu ya shigo sai ka rantse tare aka haife su, domin shi ma kalangu bai gajiya da maimaici, ga shi kuma yana magana. Haɗin ma ba sabo ba ne. Bala Miller ya daɗe da rera Hausa a kan kayan kiɗan Turawa, kuma ana jin kowace kalma tasa.

To, a nan gizo ke saƙar. Da dattijon ya ɗauki kukumarsa, mai kula da na'ura bai rage komai ba. Tsirkiya ɗaya tal, ina za ta kai a gaban lasifika huɗu? Muna ganin bakinsa na motsi, 'yan amshi na karɓa, amma abin da ke isowa bayan ɗaki sai dukan ƙirji. Waƙar Hausa kuwa magana ce aka ɗora wa kiɗa. Shata ya rasu tun 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, har yau direbobi a tashar Dukku suna kawo zantukansu a hira. Kuntigin Ɗan Maraya gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, me ya fi wannan ƙanƙanta? Amma bai taɓa danne muryar mai shi ba.

Wasu za su ce me ya kai mai jan salla wurin kiɗa. Saɓanin malamai a kan kiɗa sananne ne, ba nan ne wurinsa ba. Ni dai ma'aunina kalma ce: in ji abin da ake faɗa wa yaranmu, nasiha ce ko batsa. In an toshe kalmar, an hana iyaye alƙalanci ke nan.

Sai can wajen ƙarshe janareta ya ɗauke na 'yan mintuna. Dattijo bai tsaya ba. Ya ci gaba da wata waƙa tasa a kan manomin auduga da bashin taki, kalangu ɗaya na bin sa a hankali, ɗaki ya yi tsit, har masu liƙi suka koma kujerunsu. Ita kaɗai ce waƙar da na ji ana zancenta a shago washegari.

An ce za a sake bayan salla. A ba dattijon makirfo biyu, ɗaya nasa ɗaya na kukuma, samarin kuma su sassauta ganguna in ya fara.