Gwanayen Tsoratarwa da Ƙarar Ƙyaure

A shekarar 1913 wata Ba'amurkiya mai suna Lois Weber ta fitar da wani fim na kimanin minti goma mai suna Suspense. Babu magana a cikinsa, don a lokacin ba a fara sa murya a fim ba. Mace ce da jaririnta a wani gida can bayan gari, miji yana wurin aiki, 'yar aiki ta yi tafiyarta ta bar makulli a ƙarƙashin shimfiɗar bakin ƙofa. Wani ɗan gararamba ya ga fitarta. Matar ta leƙo ta tagar bene, sai ga fuskarsa ya ɗago yana kallonta. Da ta ruga ta kira mijinta, sai Weber ta raba hoton gida uku: ga matar tana magana, ga mijin yana saurare, ga kuma baƙon yana aikinsa har ya datse wayar. Mai kallo yana ganin abin da su biyun ba sa gani, kuma ba shi da bakin faɗa musu.

Wannan shi ne tushen sana'ar, kuma bayan fiye da shekara ɗari bai canza ba. Ina girmama masu irin waɗannan gajerun finafinai ne saboda ba su da wurin ɓuya. Mai dogon fim yana iya rufe rauninsa da waƙa ko da fuskar fitaccen jarumi. Mai fim na minti biyar a kan mutum shi kaɗai a gida yana da ɗaki ɗaya da ƙyaure ɗaya, sai ɗan wasa guda wanda ba shi da abokin magana. In ya yi sake na daƙiƙa goma, mai kallo ya zare ido daga waya, shi ke nan.

Abin da gwani yake fara yi, wanda ɗan koyo yake tsallakewa, shi ne ya koya maka gidan. A minti na farko ba abin da ke faruwa. Matar tana kwashe kwanuka, ta bi ta lungu, ta sa sakata, ta kashe fitila. Kana tsammanin ɓata lokaci ake yi, alhali ana zana maka taswira ne: nan ne ƙofa, taku nawa ne daga gado zuwa can, wace taga ce ba ta rufuwa sosai. Ya nuna maka sakatar tana shiga, da ƙararta, don ka zama shaida. Can gaba, idan kyamara ta sake wucewa ta wurin ka ga sakatar a zare, ba sai an kaɗa maka ganga ba. Kai da kanka za ka ji cikinka ya ɗuri ruwa, domin ka san a kulle ka bar ta.

Sai maganar inda ake ajiye ɗan wasa a cikin hoto. A fim na yau da kullum jarumi ne a tsakiya. A nan ana ture shi gefe, a bar fili a bayansa, bakin ƙofa ko duhun lungu. Idon mutum ba ya yarda da fili irin wannan, yana ta komawa can yana duba, kuma gwani ya san haka. Yakan bar wurin babu kowa sau ɗaya, sau biyu. Wanda ya iya sosai, a karo na uku ma ba ya sa kowa, sai dai labulen da ka gani a sake yanzu a ɗage yake.

David F. Sandberg, ɗan ƙasar Suwidin, ya nuna iyakar abin da za a iya yi da kayan cikin gida. A 2013 ya ɗauki Lights Out a gidansu, matarsa Lotta Losten ce ta fito, tsawonsa bai kai minti uku ba. Mace ta kashe wutar lungu, ta hangi inuwar mutum a tsaye. Ta kunna, babu kowa. Ta sake kashewa, ga ta nan. Ta yi ta maimaitawa har inuwar ta matso dab da ita, sai ta manne makunnin da salatif ta gudu gado. Abin da ke cikin duhun ba ɗan Adam ba ne, amma dabarar ita ce dai ta finafinan mai kutse cikin gida: ya ba ka doka mai sauƙi, haske tsira ne, sannan ya fara janye hasken kaɗan-kaɗan. Fim ɗin ya bazu a intanet har Hollywood ta kira shi, a 2016 ya mai da shi dogon fim a kan kuɗin da bai kai dala miliyan 5 ba, ya samo sama da miliyan 140. Haka Fred Walton ya yi kafin shi: gajeren fim ɗinsa The Sitter na 1977, a kan mai renon yara da wani ke ta kira da dare har 'yan sanda suka gano daga cikin gidan ake kiran, shi ya zama When a Stranger Calls a 1979.

Rabin aikin kuwa a kunne yake. Yawancin ƙarar da kake ji, takun ƙafa, kukan ƙyaure, numfashi, daga baya ake ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya a jera su a kan hoto. Gwani yakan shimfiɗa wata ƙara mai ɗorewa, ta fanka ko ta gyare, har kunnenka ya manta da ita, sannan ya ɗauke ta farat ɗaya. Wannan shirun ya fi kowace kururuwa. A nan nake ganin masu fim namu suna da gyara. Tun fim ɗin Turmin Danya na 1990 Kannywood ta ƙware a zance da rikicin gida, amma in an zo wurin tsoro sai a cika kunne da kiɗa tun kafin a ga komai, a sanar da kai cewa yanzu fa za a tsorata ka.

Alhali gidan Bahaushe kamar don wannan sana'a aka gina shi. Ɗauki gidan ƙasa a Horo Birni ko wani ƙauye tsakanin Shagari da Boɗinga: zaure, sai shigifa, sai tsakar gida, sannan ɗakin matar gida. Kowane mataki iyaka ne, kuma kowa ya san namiji baƙo ba ya wuce zaure sai da sallama. Don haka takun silifa a zaure ba tare da sallama ba ya isa ya tsinka zuciyar duk wanda ya tashi a irin wannan gida. Akuyar da ke tuƙa ta tsaya ta ɗaga kai. Takalmin da ba na gidan ba a bakin ɗaki. Murya daga waje mai kama da ta maigida, amma ta kira matar da sunan da shi ba ya kiranta da shi.

Wahalar da mai fim zai fara warwarewa ita ce gidanmu ba ya rabuwa da mutane. Dole ya kwashe su ta hanyar da mai kallo zai yarda: maigida ya tafi cirani, kishiya ta tafi biki da yara, ko kuma damina ce kowa yana gona. Wannan na ƙarshen ya fi burge ni, domin ƙauye da hantsi a tsakiyar noma yakan yi tsit, ihu ba ya samun mai amsawa, ga rana tar babu duhun da za a zarga.

A jihar Sakkwato akwai iyalai da yawa da bugun ƙofa da dare ya zame musu masifa ta gaske, don haka bai dace a mai da bindiga da jini abin nishaɗi ba. Sana'ar ma ba ta bukatarsu. Ku matasan da ke riƙe da waya mai kyamara kuna ɗaukar barkwanci don TikTok, ku nemi Suspense da Lights Out a YouTube, ku kalle su sau ɗaya da sauti, sau ɗaya babu, ku lura da inda aka tsayar da kyamara. Sannan ku nemi izinin maigida, ku gwada minti uku a zauren gidanku.