Gani ya kori ji, amma bai kori gardamar ƙwallo ba

Ranar Laraba 7 ga Fabrairun 2024 ina cikin wani gidan kallo a Kafanchan, an cika maƙil har wasu na leƙe ta taga. Najeriya ce ke wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu a gasar cin kofin nahiyar Afirka, muna gaba da ci ɗaya. Saura 'yan mintuna a tashi Victor Osimhen ya tura ƙwallo a raga. Gida ya ruɗe, benci ya kife, wani dattijo da ban taɓa gani ba ya rungume ni. Ba mu gama murna ba sai ga alƙalin wasa, Amin Omar ɗan ƙasar Masar, ya nufi allon da ke gefen fili. Da ya dawo ya soke ƙwallon, ya kuma ba Afirka ta Kudu fenariti, domin kafin mu kai wannan hari Alhassan Yusuf ya taɗe Percy Tau a gaban ragarmu. Biyu da nema ta koma kunnen doki. Allah Ya taimake mu Stanley Nwabali ya kaɗe biyu a bugun raba gardama, muka haye da ci 4-2.

Na yi fushi da alƙalin nan a wannan dare. Washegari na sake kallon wurin da idon basira, na ga hukuncinsa daidai ne. Saboda haka ni ba maƙiyin na'urar VAR, mai maimaita wa alƙali hoto, ba ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganar da ta zama ruwan dare a majalisunmu, wai da an kawo na'urar nan gasar firimiyar Najeriya an gama da maguɗin alƙalanci.

Ku tuna 26 ga Yunin 2018 a Rasha, wasanmu da Ajantina a kofin duniya. Ana ɗaya da ɗaya, ƙwallo ta taɓa kan Marcos Rojo ta sauka a hannunsa a cikin da'ira. Alƙali Cuneyt Cakir na Turkiyya ya je ya kalli allon da idonsa, ya dawo ya ce babu fenariti. A minti na 86 Rojon nan dai ya ci ƙwallon da ta koro mu gida. Duniya duka ta ga hoto ɗaya, amma har yau idan ka tayar da zancen a wurin mai shayi sai an rabu gida biyu. Hoto yana nuna maka ƙwallo ta taɓa hannu. Ko da gangan ne, ko hannun yana inda ya dace, wannan kuma mutum ne zai yanke, da iliminsa da tsoron Allahnsa.

Amurkawa sun riga mu shan wannan ruwa a tasu ƙwallon, wadda ake runguma a hannu ana gudu da hular kwano a ka. Gasarsu ta NFL ta fara amfani da maimaita hoto a 1986, ta watsar bayan kakar 1991 saboda ɓata lokaci, ta dawo da shi a 1999 da sabon tsari. Duk da haka, ranar 20 ga Janairun 2019 a birnin New Orleans, ɗan wasan ƙungiyar Rams ya banke na ƙungiyar Saints tun kafin ƙwallo ta iso gare shi, a gaban alƙalai, babu wanda ya hukunta shi. Rams ta wuce wasan ƙarshe. Hayaniyar da aka yi ta sa aka buɗe ƙofar duba irin wannan laifi a hoto, amma shekara ɗaya kacal dokar ta yi aka soke ta, domin hukuncin da ake fitowa da shi daga ɗakin dubawa ya zama sabon abin gardama. Waɗannan fa mutane ne masu kyamarori a kowace kusurwa, ga kuɗi kamar ƙasa.

To mu dawo gida, inda matsalar ta fi ta kyamara zurfi. Kowa ya san ƙorafin da aka daɗe ana yi a gasarmu, cewa cin wasa a waje sai mai tsananin rabo, kuma ba sau ɗaya ba sau biyu ba an ga 'yan kallo sun tsallako fili sun lakaɗa wa alƙali duka. Ka ɗauki mutumin da ya san shingen da ke tsakaninsa da dubban fusatattu ba zai tare ko akuya ba, ka ce ya taka zuwa allo, wanda ke gefen fili dab da su, ya soke ƙwallon masu gida a minti na casa'in. Me kake zaton zai gani a allon? Zai ga hanyar da zai koma wa iyalinsa da ransa. Ko a Abuja, ranar 29 ga Maris 2022, akwai VAR a wasanmu da Ghana, ita ce ma ta samo mana fenariti, amma da aka tashi ɗaya da ɗaya muka rasa gurbin zuwa kofin duniya, jama'a suka afka fili suka yi ɓarna. Na'ura ba ta gadin fili. Kuma ya kamata ya dame mu cewa a gasar nahiyar da na fara ba da labarinta, babu alƙali ɗan Najeriya ko ɗaya da aka gayyata.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wannan ɗabi'a ta gangaro har filayen ƙauye. A wata gasar ƙarshen shekara da na kalla a yankin Kwoi, can wajen Nok, lokacin da aka haƙe citta matasa sun dawo gida hutu, an zo wasan ƙarshe. Alƙalin wani malamin makaranta ne, ya hura satar gida ya soke ƙwallo. Nan take samari suka yo cikin fili, kowa da wayarsa a sama, suna cewa: "Malam, zo ka duba VAR!" Wanda ya ɗauka daga bayan raga hotonsa ya nuna kamar babu laifi. Wanda ya ɗauka daga gefe nasa ya nuna akwai. Aka kewaye bawan Allah ana tura masa waya a fuska, ana jan rigarsa, har sai da aka ɗora shi a babur aka gudu da shi. Ba a ƙarasa wasan ba, ba a ba kowa kofi ba, ƙauyuka biyu da ke cin kasuwa ɗaya suka kwana da gaba. A yankin da muka san tsadar zaman lafiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga baya na ji ko kuɗin motar da aka yi masa alkawari bai karɓa ba.

Idan har za mu ari wani abu daga Amurka, abu biyu ne suka burge ni. Alƙalinsu yana da makirufo, yana fuskantar jama'a ya faɗi laifin da wanda ya yi shi, ba ya barin mutane cikin duhu suna zargin an saye shi. Sannan koci ne kaɗai ke da ikon ƙalubalantar hukunci, ta hanyar jefa jan ƙyalle, sau biyu a wasa, idan kuma ya yi kuskure ya rasa ɗaya daga cikin damarsa ta tsayar da wasa. Wato gardama tana da ƙofa ɗaya, tana da iyaka, tana da farashi. Hukumar FIFA ma ta gwada tsari mai kama da wannan, mai 'yan kyamarori da sauƙin kuɗi, a gasar kofin duniya ta mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya a 2024. Wannan ya fi dacewa da aljihun ƙungiyoyinmu. Amma ko shi, sai an fara biyan alƙali haƙƙinsa a kan lokaci daga hannun masu shirya gasa, ba daga hannun mai masaukin baƙi ba, an kuma tabbatar duk wanda ya ɗaga masa hannu zai gurfana a gaban kotu.

Ku kuma masu shirya gasa a Jema'a da Jaba da Kaura da Zangon Kataf, kiran da nake yi muku ba ya buƙatar ko kyamara ɗaya. Ku ɗauko alƙali daga garin da ba ya cikin gasar. Ku biya shi kafin ya hura usur na farko. Ku tara kyaftin-kyaftin a gaban dattawa ku shaida musu cewa kyaftin ne kaɗai zai yi magana da alƙali, kuma hoton waya ba ya sauya hukunci. Ku tanadi mutanen da za su raka shi har inda zai hau mota. Idan ba za ku iya waɗannan ba, don Allah ku ɗage gasar zuwa ranar da za ku iya.