Turancin takardar haya: wa ya mutu a "demised premises"?

Duk wanda ya taɓa kama shago ko ɗaki a nan Agege ya san takardar nan da lauyan mai gida ke miƙowa a sa hannu. Mukan kai wa yaranmu da suka gama sakandare su karanta mana, su kuma su buɗe ƙamus a waya. To, a nan gizo ke saƙar, don Turancin takardar ba shi aka koya musu a aji ba.

Ɗauki kalmar "demise". Yaro zai ce maka mutuwa ce, kuma bai yi ƙarya ba, haka jaridu ke amfani da ita. Amma "demised premises" a bakin lauya wurin da aka ba ka haya ne kawai, ba wanda ya rasu. Mun ga dattijon da ya ture takarda, wai shi ba zai shiga rigimar magada ba.

Wannan an yi dariya an wuce. "Determine" kuwa ba ta dariya ba ce. Mun san ta da yanke shawara, alhali a takardar haya ma'anarta a kawo ƙarshen hayar. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ba mai biyan shekara-shekara notis na wata 6, amma fa idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba. In takarda ta ce mai gida zai iya "determine" da notis na wata 1, kai kuma ka dangwala hannu, ka yafe wata 5 da kanka ba ka sani ba. Mai shago da kaya cike, ina zai nufa cikin kwana 30?

Haka "distress". Ba damuwa ba ce, tsohuwar kalma ce ta kwashe kayan ɗan haya saboda bashin haya.

Lauyoyi kan ce kotuna sun daɗe da tsayar da ma'anar waɗannan kalmomi, sauya su na iya jawo gardama. Akwai ƙamshin gaskiya, ba mu musa ba. Sai dai masu harshen da kansu sun rage kayan: a 1999 kotunan Ingila suka ajiye "plaintiff" suka koma "claimant", a 2014 kuma aka soke "distress" ɗin haya a can. Mu nan har yau "witnesseth" da "hereinafter" ake jera mana, galibi kwafe daga tsohon fom, suna da adireshi kawai aka canza. Takardar da mutum biyu za su sa wa hannu, ɗaya kaɗai ke gane ta, ina yarjejeniya a nan?

Mu ma da namu laifin, wallahi. Muna biyan kuɗin lauya cikin kuɗin kama ɗaki, amma kunya ta hana mu ce ya yi mana bayani. Muna da 'ya'ya lauyoyi a unguwar nan. Da fadar Sarkin Hausawa za ta ware musu ko da yammacin Asabar ne, mai sabuwar takarda ya kawo a duba masa kafin biro ya taɓa ta. Kafin nan, a nemo "determine" a takarda, a ga wata nawa aka rubuta kusa da ita.