Ina Katin Yaron? Tambayar da Ba a Yi Mana

Uwa ta goya yaro ta kai shi asibiti da zazzaɓi ko gudawa, a rubuta magani, a ce sai an jima. Daga Tudun Wada zuwa Jekadafari da Pantami, galibi haka abin yake. Da wuya ka ji ma'aikacin lafiya ya ce, "Hajiya, ina katin rigakafinsa?" Alhali a nan ne ake kama yaron da ya tsallake allura.

Tsarin ai sananne ne, kuma kyauta ne a asibitin gwamnati. Ranar haihuwa a yi ta tarin fuka da ta ciwon hanta, a ɗiga ta shan inna. Sati 6, 10 da 14 a yi mai haɗe biyar, wadda ke kare mashaƙo da tarin shiƙa. Wata 9 ta ƙyanda da ta shawara, wata 15 a maimaita ta ƙyanda. A wannan doguwar tafiya yara ke zubewa, musamman mu da ke yawan zuwa gida Kano ko Katsina biki, ranar allura ta wuce muna can.

An gyara cibiyar lafiya a kowace mazaɓa 114 ta jihar Gombe, mun yaba. To amma gini ba ya duba kati. Wani sa'in a ce wai yau ba ranar rigakafi ba ce. Ko a ƙi buɗe kwalbar ƙyanda don yaro ɗaya, tunda idan aka haɗa ta, bayan awa 6 sai zubarwa. Ko a ce yana mura, a dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce ƙaramin ciwo ba ya hana allura. Uwar da ta biya kuɗin Keke sau ɗaya, wa ya ce za ta dawo?

Mun ga abin da mashaƙo ya yi a Kano a 2023, kuma yawancin waɗanda ya kama ba su kammala rigakafi ba.

Mu ma da namu laifin: kati na ƙasan akwati, wani ɓera ya ci. Iyaye mata, a riƙa sa shi cikin jakar goyo. Maigida, kai ma ka tambaya. Hukumar lafiya matakin farko ta jiha kuma ta wajabta duba kati ga duk yaron da aka kawo, a yi masa abin da ya rasa kafin ya fita ƙofa.