Jinsi a Ƙamusun Hausa: Wani Ɗan Tsokaci

Duk wanda ya saba amfani da ƙamus na Bargery (1934) ko na Abraham (1949) ya san yadda aka tsara sifofi da sunayen mutane a cikinsu. Sigar namiji ita ce a kan gaba, ta mace kuwa sai ta biyo baya a matsayin reshe: fari kafin fara, malami kafin malama. Wasu za su ce tsari ne kawai don sauƙin bincike. To amma tsarin da aka daɗe ana bi yakan zama hukunci, har ɗalibi ya ɗauka cewa namiji shi ne asali.

Ya kamata mu bambanta abubuwa biyu. Jinsin nahawu ba shi da laifi: rana da ƙasa da duniya duk tamata ne, kuma babu wanda ya raina su. Matsalar tana wajen ma'ana. Muna cewa namijin ƙoƙari, muna cewa wane ya yi ta maza, amma da wuya a kawo sunan mace a irin wannan yabo. Bazawara tana ɗauke da tarihin aurenta, bazawari kuwa manemi ne kurum.

Aikin mai ƙamus shi ne ya rubuta harshe yadda yake, ba ya gyara al'umma ba. Sai dai shi ke zaɓen misalai, shi ke zaɓen waɗanda zai tambaya. In bai shiga cikin gida ya saurari mata ba, rabin Hausa ya rubuta.