Bikin Da Aka Ɗage a Kampala da Kunnen Mutumin Fagge

Ranar 20 ga Fabrairu 2021 aka tsayar domin bikin karrama mawaƙan Afirka na tashar MTV Base, wanda aka fi sani da MAMA. Birnin Kampala na Yuganda ne zai karɓi baƙunci, da hannun gwamnatin ƙasar a cikin shirin, kuma saboda annobar korona an tsara a kalle shi ta talabijin da intanet. Ana saura kusan mako biyu tashar ta fitar da gajeriyar sanarwa cewa ta ɗage bikin. Ba ta faɗi dalili ba, ba ta sa wata rana ba, kuma ba a yi shi ba.

Dalilin bai ɓoyu ga kowa ba. A ranar 14 ga Janairu aka yi zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Yoweri Museveni, wanda ke mulki tun 1986, da Robert Kyagulanyi, mawaƙin da duniya ta sani da Bobi Wine. An katse intanet a jajibirin zaɓen. Bayan zaɓe jami'an tsaro suka kewaye gidan mawaƙin suka hana shi fita, sai da kotu ta sa baki. Kafin nan, a Nuwamba 2020, kama shi da aka yi ya jawo zanga-zangar da aka kashe mutum fiye da 50. To, a garin da aka tsare fitaccen mawaƙinsa a gida, a nan za a kunna fitilu a ce ana girmama waƙa. 'Yan Yuganda da dama suka ce ba su yarda ba, suka matsa wa tashar da mawaƙan da aka gayyata lamba.

Mai nazarin waƙar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Mun daɗe da sanin cewa makaɗi yana da ubangida. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, kuma riga da doki da ake ba makaɗin fada ba kyauta ce ta banza ba, ladan yabo ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bambancin shi ne makaɗin fada bai taɓa ɓoye wanda yake wa kiɗa ba, sunan ubangidan ma yana cikin amshi. Bikin zamani kuwa yana shigowa da rigar alƙali, yana cewa gwaninta kawai yake aunawa, alhali akwai mai biyan kuɗin dandali, kuma yana da abin da yake so a gani. Gwamnatin Yuganda tana son 'yan yawon buɗe ido su ga ƙasa mai kwanciyar hankali. Ɗagewar ta yaye wannan riga, shi ya sa nake ganin ta fi bikin kansa amfani ga mai nazari.

Sai dai a tambayi wa ya yi rashi a Kano da aka fasa. Ƙaramar hukumar Fagge wuri ne mai kyau na auna wannan, domin Sabon Gari a cikinta yake, kuma tazarar da ke tsakanin Kantin Kwari da titin Faransa ba ta wuce tafiyar ƙafa ba. A shagunan Sabon Gari, unguwar da ta karɓi baƙi daga kudu tun farkon mulkin Turawa, Wizkid da Burna Boy da Davido ake ji, kuma irin waɗannan sunaye ne bikin ya saba kira. A rumfunan Kwari kuwa, tsakanin dilolin atamfa da shadda, wayar yaron shago Nura M. Inuwa take rerawa, ko Ali Jita, ko Hamisu Breaker, wanda waƙarsa «Jaruma» ta game gidajen Arewa da Nijar a 2020, lokacin kullen korona. Ga mai saurare na biyu, an ɗage bikin da tun asali ba a gayyace shi ba. Abin lura kuma, bikin farko na MAMA a Abuja aka yi shi a Nuwamba 2008, tafiyar yini ɗaya daga Kano, daga nan ya zaga Nairobi da Legas da Durban da Johannesburg, amma mai rera waƙa da Hausa zalla bai zama cikin waɗanda ake jin sunansu a manyan rukunai ba.

Da sauƙi a kira wannan wariya a yi shiru. Ni dai ina ganin matsalar ta ma'auni ce. Tashar bidiyo hoto take saya, da rawa, da kiɗan da zai motsa wanda bai ji kalma ko ɗaya ba. Nauyin waƙar Hausa kuwa a baki yake: a habaici, da zambo, da kirari, da yadda ake saƙa karin magana cikin ɗango. Alƙalin da bai ji Hausa ba, in aka sa masa Mamman Shata, kalangu zai ji yana maimaita kansa, ba zai san abin da ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988 ba. Amma kada mu wanke namu baki ɗaya. Yawancin waƙoƙin situdiyo na yau kiɗan fiyano ɗaya suke hawa, da murya da na'ura ta goge har ta rasa kamanninta. Idan aka cire kalmomin, abin da ya rage ba ya da yawa, kuma laifin wannan ba na Kampala ba ne.

Akwai kuma inda labarin Bobi Wine ya fi kusa da mu fiye da yadda muke so. Kano tana da Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tun 2001, kuma waƙa tana ƙarƙashinta. A 2009 an kama Aminu Ladan Abubakar, wato Ala, aka gurfanar da shi kan waƙar «Hasbunallahu», bisa tuhumar fitar da ita ba tare da izinin hukumar ba. A Satumba 2019 aka kama Naziru M. Ahmad, wanda Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Sarkin Waƙa, bisa irin wannan tuhuma, a daidai lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin fada da gidan gwamnati. A duka biyun takardar tuhuma maganar izini take yi, jama'ar gari kuwa siyasa suka karanta a ciki. Da a ce wata tasha za ta kawo irin wannan biki Kano a ɗaya daga cikin shekarun nan biyu, tambayar da 'yan Yuganda suka yi ita za a yi mana, kuma mawaƙanmu da suka dogara da 'yan siyasa wajen cin abinci su ne za su fi shan wuyar amsa ta.